Kafin ka kama otal don kai iyali kallon murjani a teku, fara duba ruwan da ke ƙofarshi

Tun da munka dawo daga Masar ban huta ba, a kasuwa a tare ni, a masallaci bayan la'asar a tare ni, wasu kuma ta WhatsApp, duk saboda hotunan yara da maman yara ta ɗora suna kwance bisa ruwa kifaye kala-kala na wucewa ƙarƙashinsu. Kuma tambayar kowa ɗaya ce, Alhaji wane otal kunka sauka, taurari nawa gare shi? Ni kuma sai in rasa ta inda zan fara, don wallahi taurarin nan su ne abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya tambaya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya in huta.

Ga wanda bai san abin ba, ba nutso ba ne irin na masu goya tukunyar iska a baya. Tabarau ne na ruwa da ake cewa maske, da ɗan bututu da kake kamawa a baki kana numfashi, tuba kenan, ka kwanta rub da ciki bisa ruwa kana leƙen ƙasa. Abin da kake leƙe kuwa murjani ne, wanda a ido kamar duwatsu da bishiyoyi amma halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne ke gina shi sannu sannu shekara da shekaru, kifaye kuma sun mai da shi garinsu.

Sau biyu na kai iyali. Na farko na yi asara, kuma da ita zan fara.

Zanzibar munka je, tsibiri ne na Tanzaniya, ni da maman yara da yara uku. Na ga otal a intanet bakin teku ta gabas, farin yashi kamar garin rogo, ruwa shuɗi, pisin har biyu, na biya ban tambayi kowa ba. Mun isa da dare. Da safe bayan kari yara sunka sa kayansu da gudu munka fito, sai munka tarar babu teku. Wallahi babu. Ruwan ya janye ya yi nisa sai dai ka hango shi can kamar ƙyallin kwalta da tsakar rana, abin da ya bari sai jiƙaƙƙen yashi da ciyawar ruwa da mata tsugune suna aikinsu. Autarmu ta riƙe maskenta ta ɗago kai ta ce Baba wa ya kwashe ruwan? Babban yarona ya ce bari ya bi shi, bai yi taku hamsin ba ya taka wata baƙar halitta mai ƙayoyi kamar bushiya, ranar a ɗakin likitan otal munka ƙare ana ciro mashi ƙaya da hantsaki yana ihu. Murjanin da munka zo gani kuwa ashe sai an shiga kwale-kwale, kowace fita da kuɗinta kan kowane mutum, har da auta. Sau biyu kawai munka iya fita a kwana bakwai, na biyun ma maman yara amai ta yi ta yi. Ba laifin Zanzibar ba ne, laifina ne, na zaɓi ɗaki ban zaɓi ruwa ba.

To matakin farko, kun san wa da wa ke tafiya, kuma ku faɗa ma kanku gaskiya wa ya iya ruwa. Mu mutanen Maradi ne, iyakar ruwanmu gulbi in damina ta yi kyau, sai tafkin Madarunfa, yawancin yaranmu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsu ba, iyayen ma haka, kawai dai namiji ba ya son ya ce bai iya ba. Zauna ka rubuta: shekarun kowane yaro, wa ke tsoron ruwa, wa ke jiri a mota don shi ne zai yi amai a jirgin ruwa, akwai mai ciki, akwai tsohuwa da za ta zauna inuwa kawai tana jan carbi. Wanga lissafi shi zai yanke maka komai a gaba. Iyalin da ke da yaro ɗan shekara 5 da iyalin da yaransu duk sun shiga lise ba wuri ɗaya ya dace da su ba.

Mataki na biyu ƙasa. Wani zai ce mi ya sa ba za mu je Kwatano ko Lome ba, ga su kusa mun saba da hanya. Teku akwai, murjanin kallo ne babu. Murjani na son ruwa garau mai ɗumi wanda rana ke ratsawa, gaɓarmu ta yamma kuwa manyan koguna irin Kwara da Volta na zuba mata laka da ruwan daɗi, ga igiyar ruwa mai ƙarfi da ke jan mutum, ko babba ba a so ya yi wasa da ita bare yaro. Don haka dole a yi gabas. Wuraren da sunka fi mana sauƙi huɗu ne a ganina. Masar ta gefen Bahar Maliya, wato Sharm el-Sheikh da Dahab da Hurghada da Marsa Alam. Sai Zanzibar. Sai gaɓar Kenya wajen Watamu da Malindi, inda anka keɓe wuraren kare halittun ruwa tun 1968. Sai tsibiran Maldives ga mai ƙarfin aljihu. Wanda zai yi Umra ma ya sani Jidda da Yanbu duk bakin Bahar Maliya suke, ana fita kallon murjani daga can.

In iyali ne masu ƙananan yara kuma karo na farko, ni Masar zan ce ba tare da kwana-kwana ba. Dalili, a can murjani manne yake da gaɓa a wurare da yawa, ruwan ba ya janyewa sosai irin na Zanzibar, ba a ruwan sama kusan duk shekara, abinci halal ne, kiran salla kana ji, kuma wanda ya ɗan yi makarantar allo ko islamiyya zai iya haɗa ƴan kalmomi a gane shi. Hanya kuma ku gwada biyu kafin ku sayi biye: tashi daga filin Diori Hamani a Yamai, wanda sai ka sha fiye da kilomita 600 a kar kafin ka kai, ko tashi daga Kano ta Ɗan Issa da Jibiya da Katsina in iyaka na lafiya lau. Jadawalin jirage na canzawa, kar ka dogara da abin da wani ya yi bara, ka je ajans a duba maka na watan da za ka tafi.

Wata kuma ya danganta da hutun lakwal. Hutun ƙarshen Disamba ya yi daidai da Zanzibar da Maldives, lokacin ruwa kwance yake galibi, sai dai farashi na sama don Turawa duk sun gudo daga sanyi. A Masar kuwa Janairu da Fabrairu ruwan na sauka wajen digiri 21 ko 22, ga iska, yaron da ya tashi a zafin Maradi minti goma zai yi ya fito haƙora na kaɗawa. Babban hutu na Yuli zuwa Satumba ruwan Bahar Maliya na kai 28, daɗi kamar an surka, waje dai akwai zafi amma wanda ya sha Afrilu a Maradi mi zai ba shi tsoro. Zanzibar ku kauce ma Maris zuwa Mayu, damina ce babba da suke kira masika. Maldives daga Mayu zuwa wajen Nuwamba lokacin iska da ruwa ne, shi ya sa ake karya farashi.

Yanzu ga zuciyar maganar, mataki na uku, nan zan daɗe.

Masauki iri biyu ne. Akwai wanda murjani ke ƙofarshi, ka fito ɗaki da silifa ka taka ƴan mintuna ka shiga ruwa ka gani. Akwai wanda sai an ɗauke ka a jirgin ruwa. A shafukan kama ɗaki irin Booking.com kalmar da za ka rubuta ka nema ita ce house reef, masu faransanci kuma su nemi récif. Da yara bambancin nan kamar sama da ƙasa ne. Yaro ba ya yin awa uku cikin ruwa, minti ashirin ne ya ce sanyi, ya ce fitsari, ya ce ruwa ya shiga hancinshi, bayan awa ɗaya kuma ya ce Baba mu koma. In murjanin na ƙofa ne ba komai, ku fita ku dawo sau biyar a wuni ba ko dala. In na jirgi ne kuwa ka biya kuɗin mutum shida, an tashe ku tun asuba, an kai ku tsakiyar teku inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, an ce ku faɗa, yaro ya ƙanƙame ƙarfe ya ce Allah ya kashe shi ba zai shiga ba, shi kenan kuɗi sun tafi. Otal mai murjanin ƙofa ko ya fi tsada kaɗan, in ka haɗa kuɗin fita jirgi na kwana biyar za ka ga shi ne mai arha.

Amma fa kowa na iya rubuta yana da murjani, ko dutse ɗaya ne da kifi uku. Ga yadda nake tantancewa, kuma ba ya cin komai sai megas. Buɗe Google Maps, rubuta sunan otal ɗin, ka juya shi zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ka ja hoton kusa ka dubi ruwan gabanshi. Inda ya yi fari-fari ko shuɗi mai haske yashi ne kuma ba zurfi. Inda ka ga tabo-tabo ruwan ƙasa ko duhu-duhu, murjani ne ko ciyawar ruwa. Inda ya koma shuɗi mai duhu lokaci ɗaya, nan ƙasa ta yanke zurfi ya fara, kuma a bakin wanga yanka ne kifaye sunka fi yawa. Abin da kake nema ma yara shi ne wuri mai siffar ƙwarya, wato teku ya shigo cikin ƙasa ya yi lungu, tsakiya yashi, murjani ta dama da hagu. A nan yaro na shiga da ƙafarshi ruwa iya gwiwa, iya ƙugu, ya sa fuska ya ga kifi tun bai bar inda zai iya tsayawa ba. Larabawan can irin wanga lungu suke kira marsa, shi ya sa za ka ga sunaye irin Marsa Alam da Marsa Mubarak. Abu Dabbab a yankin Marsa Alam misali ne da anka sani, yashi ne ake shiga ta kai, akwai manyan kunkurun ruwa na kiwo a ciyawa, in an yi sa'a har da wata dabba ƴar'uwar ayu.

Ɗaya irin murjanin ƙofa kuma, za ka ga wata doguwar gada ta katako ta miƙe daga gaɓa ta ratsa saman murjani har bakin zurfi. Wannan na nufin ba a shiga ta gaɓa, sai ka bi gada ka sauka ta tsani kai tsaye cikin ruwan da ya fi ƙarfin tsayuwa. Ga babba ko saurayi wanda ya iya ruwa abin kallo ne ƙwarai, kamar ka leƙa daga saman bene. Ga ƴar shekara shida kuwa tashin hankali ne. Kuma ranar da iska ta taso sai a ɗaga jar tuta a rufe gadar, babu shiga, wani lokaci kwana biyu uku a jere. Yankin Nabq a Sharm an san shi da iska da dogayen gadoji, Sharks Bay da wajen Ras Um Sid sun fi samun kariya. A Hurghada cikin gari murjanin bakin gaɓa ya sha wuya da gine-gine, mafi yawa sai an fita tsibiran Giftun a jirgi, amma in ka yi kudu kaɗan Makadi da Sahl Hasheesh da Soma Bay akwai masu na ƙofa. A Google Maps ɗin akwai abin auna nisa, auna gadar, auna daga ginin ɗakuna zuwa bakin ruwa, don wasu otal ɗin faɗinsu kamar unguwa guda, ka ɗauko yaro jiƙe a kafaɗa da palm, takalman iyo nan masu faɗi, da tawul ka yi tafiyar minti goma sha biyar a rana sau huɗu a wuni, za ka gane kurenka.

In Zanzibar ce ranka ya kwanta ma, to koyi da wautata. Teku na cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kullum lokacin na ƙara makara da kusan minti 50, kuma wata ne ke jan shi. Mu da ke lissafi da watan Musulunci abin ya zo mana da sauƙi: tsayuwar wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar nan ne ruwa ke cika sosai ya kuma janye sosai, a can bambancin na kai mita 3 zuwa 4. Gabas ta tsibirin, su Paje da Jambiani da Matemwe, ƙasar shimfiɗe take shi ya sa ruwan ke guduwa nesa. Arewa wajen Nungwi da Kendwa ana iya wanka kusan kowane lokaci. Murjani mai kyau kuwa na kewayen tsibirin Mnemba, da jirgi ake zuwa, kuma Matemwe ce kusa da shi. Ka ga dole ka zaɓi ɗaya, ko wanka kullum ko gajeren jirgi. Akwai jadawalin cikar ruwa kyauta a intanet, duba na ranakun da za ku yi tun kafin ka biya.

Maldives kuma iri biyu ce. Akwai tsibirin da duk otal ne, tsada kamar mi, da giya da komai. Akwai tsibiran da ƴan ƙasa ke zaune, waɗanda tun 2009 gwamnati ta yarda su buɗe ƙananan gidajen baƙi, ƙasar Musulmi ce, a irin waɗannan tsibirai ba a sayar da giya, ga masallaci, mata na shiga ruwa da suturarsu ba mai kallonsu. Ga iyalin Bahaushe wannan ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Maafushi ta fi suna kuma tana kusa da Male babban birnin ƙasar, amma yawancin kallonta na jirgi ne, irin su Ukulhas ake yabo da murjanin bakin gaɓa. Abin lura a can shi ne kuɗin kai ka tsibirin daga filin jirgi, wani lokaci ba ya cikin farashin da ka gani, ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa da rana kawai yake tashi, jirgin ruwan gwamnati mai arha kuma ba ya aiki ranar Juma'a. Sannan zafin teku ya ƙona murjani da yawa a 1998 da 2016, an sake yin wani a 2024 a duniya baki ɗaya, murjani ya yi fari fat wani ya mutu. Saboda haka hoton da otal ya ɗora na iya zama na shekara goma da sunka wuce. Je wajen ra'ayoyin waɗanda sunka sauka, ka jera su daga na baya-bayan nan, ka nemi masu yara, ka kalli hotunan da baƙi sunka ɗauka da wayarsu, ko ka rubuta sunan otal ɗin a YouTube ka ga bidiyon bana.

Mataki na huɗu, rubuta masu. Kar ka ji nauyi, kuɗinka za su ci. Ni saƙo nake turawa ta imel ko WhatsApp ɗin resepsiyo, faransanci ko turanci ko Google ya fassara maka, kuma ina son amsa a rubuce don in nuna in an musa. Ina tambaya yaro na iya shiga ta yashi ko dole sai ta gada. A watan da za mu zo sau nawa ake rufe ruwa don iska. Akwai mai ceto zaune bakin ruwa, daga ƙarfe nawa zuwa nawa. Akwai jile, rigar hana nutsewa, na yara ƙanana, kyauta ko haya. An zagaye wurin iyo da igiya mai balan-balan don kar jiragen gudu su shigo. Likita na kwana a otal, asibiti mafi kusa minti nawa ne. Yadda sunka amsa ma kanshi labari ne, wanda ya ce maka komai lafiya ka zo kawai bai amsa ko ɗaya ba, bar shi.

Sai tambayar da mutanenmu ke mantawa har sai an ji kunya: suturar mata. Maman yara da babbar ɗiyarmu da rigar ruwa mai rufe jiki duka suke shiga, wadda ake cewa burkini. A teku ba wanda ya taɓa ce masu komai, amma wasu otal na hana ta a pisin, har a ƙasashen Musulmi. Tambaya tun kana gida. Kuma kar a shiga teku da zane ko hijabi mai yalwa ko abaya, yana shan ruwa ya yi nauyi ya naɗe ƙafa, haɗari ne na gaske. Ranar da na ce ma maman yara ko ta zauna inuwa da jakunkuna, kallona ta yi ta ce Alhaji duk wanga nisa ka kawo ni gadi ne? Ƙarshe ita ce ma ba ta son fitowa, sai na yi ta kiran Hajiya azahar ta yi.

A kan wannan layi, manyan otal masu komai-a-ciki akwai giya da kiɗa har tsakar dare da shiga irin ta Turawa. In abin zai dame ka nemi ɗaki nesa da dandalin wasa, ko ka kama ƙaramin wuri, ko gida mai kicin a Dahab inda za ku dafa da kanku ku taka zuwa ruwa. Akwai kuma otal da ba su karɓar yara sam, an rubuta manya kawai, duba kar ka biya a mai da ku daga ƙofa.

Na biyar ɗaki da kuɗi. Turawa sun gina otal ɗinsu bisa lissafin mata da miji da yara biyu, mu kuwa Allah ya albarkace mu. In kun kai shida ko bakwai ɗaki ɗaya ba zai ɗauke ku ba, kuma kar ka ce za ka ɓoye yaro ɗaya, fasfo ɗin kowa ake karɓa a resepsiyo. Sa ainihin shekarun kowa a wajen nema, ka roƙi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, kuma na ƙasa in da hali saboda baranda da yara masu ƙiriniya. Mai mata biyu kuma ya san lissafinshi, ni ba ruwana. Ku riƙe takardar aure da takardun haihuwar yara cikin jaka, ba su da nauyi. Abinci, in otal ɗin a keɓe yake cikin hamada kamar yawancin na Marsa Alam ɗauki komai-a-ciki don babu wata mai tuwo a waje, in cikin gari ne kari da abincin dare sun isa. Farashi in da Yuro ne lissafi ba wuya tunda sefa a ɗaure take, Yuro 1 kusan sefa 656, wato Yuro 100 kusan jika 66, Dalar Amurka ce ke hawa da sauka. Karanta ƙasan shafi ka ga ko haraji na ciki. Zaɓi wanda za ka iya fasawa ba a ci kuɗinka ba, domin biza na iya makara, kuma je banki tun da wuri a buɗe maka katinka na biyan waje a ɗaga plafon, ni sai da nawa ya ƙi wucewa sau uku ina zufa. Kar ka tura kuɗi ma wani da ka gani a Facebook yana cewa shi wakilin otal ne.

Takardu a gurguje: fasfo ya rage aƙalla wata 6, katin rigakafin shawara na kowa da kowa don daga ƙasarmu ana tambaya, bizar Masar a tambaya a ofishin jakadancinsu a Yamai, ta Tanzaniya ana cikewa ta intanet kuma tun Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta ma baƙi sayen inshorarta, Dalar Amurka 44 ga babba. Maldives a filin jirgi ake buga ta kwana 30, amma sai ka nuna ka kama masauki da biyen komawa.

Maganar shak, kifin nan da masu faransanci ke cewa rekan, na san tana ranku don ita Inna ta fara yi mani. Gaskiya ya taɓa faruwa, a Sharm a 2010 da Hurghada a 2023, amma abu ne da ba kasafai ba in ka dubi ɗimbin mutanen da ke shiga kullum. Ku tsaya cikin igiya, kar ku shiga da magariba ko da duku-duku, kar ku jefa ma kifi burodi. Abin da ya fi cizon mutane a zahiri shi ne taɓe-taɓe, akwai murjani mai ƙuna kamar wuta, akwai kifi mai kama da dutse mai dafi, akwai bushiyar nan da ta gama da yarona. Dokar gidana ɗaya ce, ido ya ci hannu ya bari. Ba a taka murjani, ba a ɓallo shi a sa aljihu don tsaraba, a Masar laifi ne.

Kaya kuma sayi maske na yara naku na kanku, na haya ya sha bakin duniya kuma sau da yawa ya yi masu yawa ruwa na shiga. Gwajinshi, ɗora a fuska ba tare da igiya ba yaro ya ja numfashi ta hanci, in ya manne bai faɗo ba ya yi. Na fi son na gargajiya da tuba daban a kan wanda ke rufe fuska duka. Ƙara da takalmin roba na ruwa da riga mai dogon hannu, don baƙar fata ma rana na ƙona ta, bayan wuyana sai da ya saɓule. Masu gemu da gashin baki irina, ruwa zai riƙa sulalowa ta ƙasan hanci, ɗan shafa Vaseline a gashin bakin yana taimakawa.

Sati biyu kafin tafiyarmu ta biyu na sa anka cika babbar robar wanki a tsakar gida, kowane yaro ya sa maske da tuba ya durƙusa ya tsoma fuska yana numfashi ina ƙirga mashi, na zuba ƴan dala-dala a ƙasan robar wanda ya daɗe ya kwashe. Maƙwabta na leƙe ta katanga suna dariya wai Alhaji ya buɗe teku a gida. Ranar farko a can kuwa ba murjani munka nufa ba, pisin munka fara da safe, da la'asar munka shiga ta yashi ruwa iya ƙugu, kowane yaro da jile, babba ɗaya yaro ɗaya, ina riƙe da hannun auta. Ta sa fuska ta ɗago da sauri tuba a baki tana magana ba a ji, sai da na cire mata ta ce Baba akwai wani mai ruwan ɗorawa yana kallona, ta mai da kai.